Ganyen masarata yana yin zane-zane, cuta ce ko yunwar taki?

Assalamu alaikum manoma da malaman gona. Don Allah ina neman shawara kan masarar da na shuka a yankin Saminaka.

Damina ta yi nisa kafin na samu na yi shuka. Tun masarar ba ta kai gwiwa ba sababbin ganye suka fara fitowa da ɗigo-ɗigo fari, daga baya suka haɗe suka zama siraran layuka ruwan ɗorawa, suna bin jijiyar ganye a tsaye. Wadda abin ya kama da wuri ta tsumbure, goyon ma ɗan mitsitsi ne, rabinsa babu ƙwaya. Ta kusa da ita kuwa kore shar.

Na zuba yuriya, na fesa maganin tsutsa, babu canji. Wani malamin gona ya ce ƙwayar cuta ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke ɗebowa daga ciyawa da gonakin da suka riga tawa, kuma ba ta bin iri. To in haka ne, me ya sa gonar maƙwabcina, kunya ɗaya ta raba mu, ba ta kamu sosai ba?

Irina a kasuwa na auna a mudu, mai shi yana rantsuwa ingantacce ne. Na ji cewa cibiyoyin binciken noma, IITA ta Ibadan da IAR Samaru, sun fitar da ire-iren masara masu jure wannan cuta. Cikin jerin irin masarar IAR da ake kira SAMMAZ wanne ya dace da ƙasarmu, wanda zai jure wuta-wuta ma? Kuma in na ajiye iri daga gare shi, juriyar za ta kai baɗi? Waɗanda suka kamu yanzu, in tuge su ko in bar su?