Ƙugi daga babbar lasifikar baya bayan sauya rediyon mota

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na cire rediyon asali na Toyota Highlander mai tsarin sauti na kamfanin JBL na sa sabo, kuma tun daga ranar lasifikar nan mai fitar da kakkaurar murya take yin ƙugi, wanda yake ƙara tsananta duk lokacin da na taka totur. Me ke jawo wannan?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ƙarar da ke bin gudun inji daga altaneta, wato na'urar da ke cajin batirin mota, take fitowa, kuma galibi tana shiga ne idan baƙar wayar rediyon ba ta kama ƙarfen bodi da kyau ba. A kankare fentin wurin, a ɗaure ta da ƙusa sosai.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, amfilifayar JBL, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tana nan daban, ba cikin rediyon take ba, don haka idan mai rewaya ya tura mata sautin da sabon rediyon ya riga ya ƙarfafa, dole ta yi hayaniya. Ana buƙatar haɗin waya na musamman na wannan motar. A kuma raba wayoyin sauti da na wuta.

Mai tambaya:
Na gode. Gyaran baƙar wayar ya rage ƙugin, gobe zan nemo haɗin.