Neman kalma: ƙwayoyin ciyawar da ke kwance a ƙasa

Habu Damazin: Salamu alaikum. Ina fassara darasin kiwo daga Larabci, Alhamis zan miƙa. Na cije a "bankul buzur fit turba", wato ƙwayoyin ciyawa masu rai da ke cikin ƙasa suna jiran ruwa. Darasin a kan filayen ciyawar saman Jabal Marra na Darfur a Sudan ne, dutsen da ya haura mita 3,000. Me zan ce?

Hajiya Ladi: Rumbun iri.

Malam Sani Gadarif: Hajiya, rumbu mutum ke ginawa ya zuba. Makiyayi zai ɗauka ɗakin sanyi ake nufi, irin ma'ajiyar iri ta Svalbard a ƙasar Norway da aka buɗe a 2008. Wannan ba wanda ya ajiye shi. Yawancinsa yana cikin santimita 5 na sama, shi ya sa zaizayar gangare ke kwashe shi da wuri. Gwajinsa kuwa, a ɗebi ƙasa daga zurfin santimita 0 zuwa 5, sannan 5 zuwa 10, a baza ta sama-sama kan yashin da aka gasa, a riƙa ban ruwa, duk tsiron da ya fito a ƙirga a cire. A bar faranti ɗaya yashi zalla, don a gane abin da iska ta kawo.

Baba Ɗanjuma Maiwurno: Binne! Manomi ya san binne tun kakanni, a sa iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Ku ce "binnen Allah". Kada dai in ji banki, Hausa ba ta talauce ba.

Malam Sani Gadarif: Baba, binne ruwan farko yake jira. Wani irin ba ya kai shekara, wani 1 zuwa 5, wani ya wuce. Ƙuduji na haura shekara 10 a kwance.

Baba Ɗanjuma Maiwurno: Ku yaran yanzu rabin bakinku Larabci, sai ku gyara mana Hausa? Binnen Allah na ce.

Hajiya Ladi: Baba, a yi haƙuri, mu ma a nono muka sha ta. Kuma ba sai Kano ta sa hannu ba kafin kalmarmu ta zauna.

Habu Damazin: To sake tsirowar fili da kansa fa? Gyauro?

Malam Sani Gadarif: Gyauro ya yi, amma ka raba na ƙwaya da tohon saiwa. Nan darasin yake. Ciyawa mai daɗewa irin gamba ba ta cika barin ƙwaya mai jimawa a ƙasa ba, tushenta ne ƙarfinta. In dabbobi suka cinye ta kafin ta zubar da 'ya'ya, shekara bayan shekara, ko an killace filin, ciyawar damina ɗaya ce za ta fara rufe shi, dangin ƙarangiya. Sai an yafa iri da hannu.

Habu Damazin: Na sa "ajiyar iri ta cikin ƙasa", da "gyauro". Binne zai shiga wurin bayani.

Baba Ɗanjuma Maiwurno: Kalma biyar a maimakon biyu. Gyauron dai na yarda.