Taƙaitawa: ziyarar ƙaramin gari mai tarihi

Ga abin da na tsinta daga maganganun jama'a kan yadda ya fi dacewa a ziyarci irin wannan gari:

1. Kusan kowa ya yarda a isa da sassafe, a bar mota a bakin gari. Tsofaffin lunguna sai da ƙafa.
2. Kafin sayen tsaraba a tambaya ko aikin hannun 'yan garin ne, don wasu kayan daga masana'anta ake kawo su.
3. A ci abinci inda 'yan gari ke ci.
4. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izini.

An rabu kan ɗan jagora. Wasu sun ce in babu shi gini kawai za ka gani, ba labari. Wasu suka ce gaggawa yake sa mutum, ya ƙare da kai shagon abokinsa. Ni dai ina tare da na farko.

Batun ko a kwana a garin kuwa, ba a daddale ba.