Neman kalma: me za mu kira robot ɗin da ake haɗawa faɗa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An ba ni wani shirin kimiyya na matasa in mayar da shi Hausa, kuma ranar Alhamis da safe za a naɗi murya, saboda haka lokaci ya ƙure mini. Shirin yana bin wata ƙungiya ce da ke shirya na'urarta domin gasar BattleBots ta Amurka, inda ake rufe na'urori biyu a cikin keji su yi ta dukan juna har minti 3, kuma nauyin kowace ba ya wuce fam 250, wato kimanin kilo 113. Rabin farko shiri ne: awon nauyi, cajin batir, ɗaure kowane noti, da gwajin da ake kashe rimot a ga ko na'urar za ta tsaya cik da kanta. Rabi na biyu kuwa bayan an tashi ne, an turo ta a kan amalanke zuwa wurin gyara ana duba abin da ya same ta. Na rubuta "mutum-mutumin yaƙi" tun daga farko, amma duk lokacin da na kalli hoton sai kalmar ta ƙi zama, domin abin ba shi da kai balle hannu. Akwati ne mai tayoyi da wani gungumen ƙarfe yana juyawa a gabansa. Ina neman sunan na'urar, da kalmomin da zan bayyana ɓarnar da ta same ta.

Ɗalibar Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Mutum-mutumi ba zai yi ba, domin siffar mutum ce ta ba shi sunan, kuma yaron da ya ji shi a rediyo zai zana wani abu mai ƙafafu biyu a zuciyarsa. Na ga wasu suna rubuta "saƙago", amma ni abin da kalmar take kawo mini shi ne abin da ya ƙame wuri guda, wannan kuwa gudu yake yi. Akwai kuma abin da ya kamata mai sauraro ya sani: mutum ne yake tuƙa waɗannan na'urori da rimot daga wajen keji, ba su suke yi wa kansu tunani ba. Ina ba da shawarar "na'urar karo", jam'inta "na'urorin karo", kuma tamata ce, don haka "ta kife", "ta mutu", "an tashe ta" duk za su zo da sauƙi.

Ɗan Damagaram: Me zai hana a bar ta "robot" kawai? Mu a nan "robo" muke ji a bakin masu Faransanci, kuma babu yaron da ya riƙe waya da bai san kalmar ba.

Dattijon Nahawu: Da wannan "me zai hana" aka cika mana harshe da baƙin kalmomi har ya zama kasuwar gwanjo. Ita kanta kalmar ba ta Ingilishi ba ce, ba kuma ta Faransanci ba. Daga harshen Cek ta fito, daga "robota" mai nufin aikin tilas, kuma wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920 ne ya watsa ta a duniya. Idan su aro suka yi, babu dalilin da zai sa mu ari abin aro. Na fara gwada tsarin ma-...-i a kan "kara", kamar yadda ake cewa "sun kara", sai ya ba ni "makari", wanda tuni ya zama na dafi da sammu, don haka na ajiye shi. Abin da nake gabatarwa shi ne "ragon ƙarfe". Bahaushe ya san karon raguna: ana kiwata rago, a kai shi fage, a sake shi, ya ja da baya ya kawo karo, bayan an tashi mai shi ya duba ƙaho da goshi. Duk abin da Mai Fassara ya lissafa yana cikin wannan hoton, ga jam'i a shirye, "ragunan ƙarfe". Wanda ya ɗauki jirgin ruwa ya haifi jirgin ƙasa da jirgin sama daga cikinsa ba zai gagara wannan ba.

Ɗalibar Injiniya: Allah gafarta Malam, kalmar tana da daɗi a baki, amma ina da matsala biyu da ita. Ta farko, rago da goshi kawai yake faɗa, alhali waɗannan na'urori iri-iri ne: akwai mai juya sandar ƙarfe a kwance kamar Tombstone da ta ci gasar a 2016, akwai mai faifai a tsaye, akwai mai shiga ƙarƙashin abokiyar karawa ta wurga ta sama, akwai mai guduma, akwai mai matsewa. Ta biyu, a rubuce "rago" na layya da "rago" malalaci harufansu ɗaya, kuma idan an sa rubutu a ƙasan hoto, yara za su karanta "ragon ƙarfe" su yi ta dariya.

Dattijon Nahawu: 'Yata, wanda bai iya bambance rago da rago daga zubin jimla ba, ba kalma ce matsalarsa ba. Ita kuma "na'ura" da kike riƙe da ita, daga Larabci ta zo, kuma an ɗora mata kaya har ta gaji: abin awon jini na'ura, abin ƙirga kuɗi na'ura, abin tantance masu zaɓe na'ura. Kalmar da take nufin komai ba ta nuna komai.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, da girmamawa nake faɗa, an taɓa ba mu "na'ura mai ƙwaƙwalwa", yau kowa kwamfuta yake cewa. Kuma duk lokacin da aka zauna irin wannan zama, sai a yanke hukunci da kunnen Kano, a manta akwai masu sauraro a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Idan hoton gida ake so, mu kokowa ce wasanmu, wadda ake ba gwarzonta takobi kowace shekara, ba karon raguna ba.

Dattijon Nahawu: Ban ambaci Kano ba, ɗana, kai ka kawo ta. Kuma "yanar gizo" da aka ƙirƙira tana nan da ranta kusa da intanet, saboda haka ba kowace ƙirƙira ce take mutuwa ba.

Mai Fassara: Malamai, ina roƙon a dawo kan na'urar, domin Alhamis ba ta jira. Har yanzu babu wanda ya taɓa rabi na biyu, kuma shi ya fi ba ni wahala. A shirin an nuna cewa idan minti 3 suka cika babu wadda ta mutu, alƙalai uku ne suke yanke hukunci a kan ɓarna, da kai hari, da iya sarrafawa, kuma ɓarna ce ta fi maki. Sai dai suna raba ɓarnar gida biyu: wadda ta taɓa kamanni kawai, da wadda ta hana wani sashe aiki. Da wace kalma zan raba su?

Tsohon Bakanike: Malam Mai Fassara, wannan rabin ba ya bukatar ƙirƙira, domin kalmominsa suna gareji tun kafin a haifi yawancin masu wannan gardama. Abin da ya taɓa fenti da fatar bodi kawai, ƙwarzane ne ko lotsawa, kuma gyaransa kwaskwarima ce. Abin da ya hana aiki kuwa ka kira shi nakasa, sannan ka faɗi irinta: taya ta fita, ƙarfen da makamin yake juyawa a kansa ya lanƙwashe, boris ya ɓare, bel ya tsinke, walda ta tsage, mota ta ƙone. Ka kula da wannan ta ƙarshe, domin mu idan mun ce mota a nan muna nufin injin lantarkin da ke juya taya, amma mai sauraro zai ɗauka ta hawa ce, don haka ka ce "injin taya" da "injin makami". Idan an kwance ta gaba ɗaya an duba kowane sashe an mayar, garambawul ke nan.

Akwai abin da nake so ka fito da shi da kyau, tunda yara ne za su ji. Makanikin da ya san aikinsa ba ya fara duba inda ya fi muni a ido. Da farko ana kashe wuta a sa wa makamin sakata, sannan a ciro batir, domin irin batirin lithiyam da suke amfani da shi idan ya huje ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ake ware shi nesa da sauran kaya. Bayan haka ake juya makamin da hannu a saurari ko yana gurzawa, a bi kowane noti, a nemi tsaga siririya a gindin walda. Na'urar da ta yi duka ma tana jin dukan a jikinta, don haka wadda ta ci wasa tana iya dawowa da ciwon ciki wanda ba a gani sai an buɗe. A wajen shiri ma haka ne: gwajin kashe rimot ka ce "gwajin tsayawa", wurin gyara kuma "rumfar gyara", ka huta.

Dattijon Nahawu: Ƙwarzane da nakasa da sakata Hausa ce tsantsa, na karɓa da hannu biyu. Amma boris da bodi da garambawul Turanci ne da aka sa wa hula, kuma a shirin ilimi za a sa su?

Tsohon Bakanike: Allah gafarta Malam, ranar da motarka ta tsaya a hanya, garambawul ka ce a yi mata, kuma an gane ka. Yaron da zai ji shirin nan ya yi sha'awar haɗa tasa na'urar, kasuwar kayan gyara zai je, kuma idan bai ce boris ba, zai dawo hannu rabbana.

Ɗalibar Injiniya: Ga wasan kansa kuma, dambe ya riga ya ba mu kalma. Idan na'ura ta daina motsi alƙali ya ƙirga 10 ba ta tashi ba, wannan "kisa" ne, kamar yadda ake cewa ɗan dambe ya yi kisa. Karawar kuwa "karon battar ƙarfe" ce, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta faɗa a kan ainihin ma'anarta kamar nan ba.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai ranar Alhamis. A farkon shiri zan ce "robot, wato na'urar karo", daga nan in ci gaba da "na'urar karo" ko "na'urar" kawai. Na ɗauki ƙwarzane da nakasa, gwajin tsayawa, rumfar gyara, injin taya da injin makami, kuma garambawul zai shiga. "Karon battar ƙarfe" zai zama sunan shirin. "Kisa" kuwa sai na tambayi editanmu, domin ban san ko za ta yarda da kalmar a shirin yara ba. Baba, "ragon ƙarfe" zan sa shi sau ɗaya, a wurin da wata na'ura marar makami mai juyawa ta ja da baya ta kawo karo, domin a nan ya dace da ita sarai.

Dattijon Nahawu: Sau ɗaya ya fi babu. Ban janye ba, kuma ina nan a kan cewa "na'urar karo" bayani ne, ba suna ba. Idan za ka faɗi tawa, ka ja wasalin "ra" ɗin sosai, kada 'yata ta ce ta faɗa.