Musayar Waƙa: Kogin da Ke Cikin Teku

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Jiya na koyar da darasin kewayawar ruwan tekun Atlantika, abin ya kwana a raina. Ga nawa baitukan, mai amsa ya amsa.

Akwai wani kogi cikin teku mai gudanawa,
Ba shi da gaɓa, ido ba ya iya hangowa.
Daga yankin zafi yake ɗauko ɗumi yana kaiwa,
Har gefen tsibirin Girinlan can arewa, inda sanyi ke tsanantawa.
Can zai huce, ga gishiri ya ba shi nauyi, sai nutsewa,
Ya bi ta ƙarƙashin teku, kudu yake komawa.
Kafin ya zagaye duniya ya sake ɓullowa,
Shekara kusan 1,000 ce ke shuɗewa.

Zainabu:
Malam, ƙanƙarar Girinlan na narkewa da ɗumamar duniya,
Ruwanta ba gishiri, sai ya taso kamar mai a kan miya.
Wanda bai yi nauyi ba, ta yaya zai nutse ya kama hanya?
In na sama bai sauka ba, na baya ma sai ya rage tafiya.
Shekara 12,900 baya kogin ya taɓa raunana, ba tatsuniya,
Sanyi ya sake rufe Turai sama da shekara 1,000 gaba ɗaya.

Gwaggo Rabi:
'Ya'yana, ni manomiya ce, Damagaram ne garina,
Ban taɓa ganin teku ba ko sau ɗaya da idona.
Amma na ga 1973, na ga 1984 da raina,
Rumbu ya ƙare, muka tona gidan tururuwa ni da ƙanena,
Ƙwayar da suka tara muka tsince, ita ce kalacina.
Saniyarmu ta faɗi bakin rijiya, har yau tana tunanina.
To Malam, me ya haɗa ƙanƙarar can da gerona?

Malam Habu:
Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya, ga amsa tana zuwa:
Damina na bin ɓangaren tekun da ya fi ɗumamawa.
In arewacin Atlantika ya fi kudancinsa hucewa,
Hadari sai ya ja baya, kudu yake karkatawa.
Haka tekun yake a shekarun farin da kike tunawa,
Hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taya shi sanyayawa.
Kogin nan in ya rage kai ɗumi arewa,
Mu na bakin Sahara muna cikin masu ɗanɗanawa.

Isa:
Yaya Habu, bari in sa baki da abin da ke kan ma'auni:
Tun 2004 aka jera na'urori a teku suna aikin gani,
Kimanin kubik mita miliyan 17 ke wucewa duk sakan, in ji masani.
Rahoton kwamitin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya (IPCC) na 2021 ya ce zai raunana a wannan ƙarni,
Tsayawa kwatsam kafin 2100 kuwa, ba su sa ranta ba a nasu gani.
Amma Gwaggo, wallahi raunin kaɗai yana tsorata ni.

Gwaggo Rabi:
Na ji, ɗana. Irin shuka na cikin tukunya a ɗakina,
Na ware mai saurin nuna, saboda abin da na gani a zamanina.
Gobe da la'asar zan duba gabas, ni da jikana,
In hadari ya haɗo, mu ɗauki sungumi mu nufi gona.