Sauya burauza a kan tsofaffin kwamfutoci: wacce ta fi sauri, wacce ta fi tsaro?

Mai Shagon Titin Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon kwamfuta a kan titin Bauchi a nan Jos, inda ɗalibai ke zuwa biyan kuɗin makaranta ta Remita, da duba sakamakon WAEC da NECO, da buga takardu. Kwamfutocin na hannu ne, mafi yawansu RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, bai wuce 4GB ba, kuma biyu daga cikinsu har yanzu Windows 7 ke kansu. Da zarar mutum ya buɗe shafuka huɗu ko biyar a lokaci guda, sai kwamfutar ta fara jan jiki, abokin ciniki kuma ya fara ƙorafi cewa lokacinsa na tafiya a banza. Wasu abokan sana'a a Terminus sun ce in koma Brave, wasu sun ce Opera, wani kuma ya dage cewa Firefox ce kaɗai mafita. Tambayata ga masana biyu ce. Ta farko, shin akwai bambanci na gaske a sauri tsakanin waɗannan burauzoci, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, a kan irin kwamfutocina? Ta biyu, wacce ta fi dacewa da wurin da mutane da yawa ke shiga imel ɗinsu da asusun bankinsu a kan na'ura ɗaya, ɗaya bayan ɗaya? Na gode.

Injiniyan Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, yawancin sunayen da aka jera maka abu ɗaya ne a ciki. Chrome, wadda Google ya fito da ita a 2008, an gina ta ne a kan wata manhaja ta kowa da kowa mai suna Chromium, kuma a kan wannan tushe ne aka gina Brave da Vivaldi. Opera ta bar nata injin ta koma kansa a 2013, Edge ta Microsoft ma ta bi sahu a watan Janairun 2020. Kamar motoci ne masu fenti da kujeru daban-daban amma injinsu guda. Saboda haka idan shafi ɗaya ne ka buɗe, ba tare da talla a cikinsa ba, da wuya ka ga bambancin da zai sa ka sauya. Waɗanda ke da injin kansu su ne Firefox, mai amfani da Gecko, da kuma Safari ta kamfanin Apple, mai amfani da WebKit, ita kuwa Safari ba ta shafe ka ba tun da babu ta a Windows yanzu.

Inda bambancin yake fitowa shi ne a abin da burauza ke barin shafi ya sauko da shi. Shafin labarai na yau da kullum yana zuwa da tallace-tallace, da bidiyon da ke kunna kansa, da ƙananan shirye-shirye masu bibiyar inda mutum ya shiga, kuma sau da yawa waɗannan sun fi rubutun da ka je karantawa nauyi. Brave tana toshe su tun daga ranar da ka sauke ta, ba sai ka taɓa wani saiti ba, shi ya sa mutane ke cewa ta fi sauri. Gaskiya ne tana buɗe irin waɗannan shafuka da wuri kuma tana rage cin data, amma dalilin shi ne kayan da take ɗauka sun ragu.

Game da jan jikin kuwa, RAM ne ya cika. Tun 2018, bayan da aka gano raunin da ake kira Spectre a na'urorin sarrafa bayanai, Chrome ta fara ware kowane gidan yanar gizo a ɗakinsa, don kada mugun shafi ya leƙa abin da ke cikin shafin bankinka, Firefox ma ta yi irin wannan a 2021. Wannan kariya ce mai kyau, amma tana cin RAM. Da 4GB, idan Windows ta ɗauki nata kason, abin da ya rage ba shi da yawa, sai kwamfutar ta koma ajiye abubuwa a kan faifai, idan kuma faifan tsohon nau'i ne mai juyawa, to nan ne komai yake tsayawa. Ka kunna saitin da ke sa shafukan da ba a amfani da su su kwanta, akwai shi a Chrome da Edge da Brave. Amma shawarata ta gaskiya, kafin ka ɓata lokaci a kan zaɓen burauza, ka sa wa kwamfutocin faifan SSD, wato sabon nau'i marar juyawa mai sauri, ko da ƙarami ne, ka ɗaga RAM zuwa 8GB a waɗanda suka yarda. Babu burauzar da za ta ba ka rabin saurin da wannan zai ba ka.

Malama daga Naraguta:

Na yarda da Injiniya a kan batun SSD, amma ina ganin ya wuce tambaya ta biyu da sauri, alhali ita ce mafi nauyi. Malam, kwamfutocin nan biyu masu Windows 7 su ne babbar matsalarka. Microsoft ta daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun watan Janairun 2020, kuma Chrome 109, wadda ta fito a farkon 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta. Edge da Brave ma sun tsaya a daidai wannan lokaci, tun da tushensu ɗaya ne. Ma'ana, duk raunin da aka gano aka toshe daga wancan lokaci zuwa yau, a kan waɗannan na'urori biyu yana nan a buɗe, kuma a kansu ne 'ya'yan mutane ke rubuta lambar katin banki. Mozilla, mai Firefox, ce kaɗai daga cikin manyan ta ci gaba da tura gyara ga wata tsohuwar Firefox mai lamba 115 ESR, wato zubin da ake daɗewa ana tura masa gyara, saboda masu Windows 7, tana ƙara wa'adin lokaci bayan lokaci. Idan dole ne ka yi amfani da su a wannan makon, ita za ka sa muddin wa'adin nata bai ƙare ba, amma hakan ba ya gyara ita kanta Windows ɗin. Ko dai ka ware su don buga takardu kawai ka cire su daga intanet, ko ka sa musu Linux Mint a madadin Windows, wadda kyauta ce kuma tana zuwa da Firefox a ciki. Ka kuma tuna cewa Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba, 2025.

Ni Firefox nake ba ɗalibaina shawara, kuma ba don sauri ba. A gwaje-gwajen sauri irin su Speedometer, wanda kamfanonin burauzar suka haɗu suka tsara, tazarar da ke tsakanin manyan burauzoci ba irin wadda mai cike fom ɗin makaranta zai ji a jikinsa ba ce. Dalilina na farko shi ne tun 2019 Firefox ke toshe masu bibiyar mutum kai tsaye, daga 2022 kuma ta fara killace kukis ɗin kowane shafi, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane ka, a wurinsa, ta yadda kamfanin talla ba zai bi ka daga wannan shafi zuwa wancan ba. Na biyu shi ne uBlock Origin, ƙaramar manhajar toshe talla da na fi amincewa da ita. Sabon tsarin da Google ya kawo wa Chrome, wanda ake kira Manifest V3, ya sa cikakkiyarta ta daina aiki a can, sai dai wata mai ƙarancin ƙarfi da ake kira Lite, amma a Firefox tana nan yadda take. Idan ka haɗa Firefox da ita, za ka samu kusan sauƙin da Injiniya ya bayyana game da Brave.

Ba zan ɓoye ba, Mozilla ma mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake fitowa, saboda yarjejeniyar sa Google a matsayin injin bincike na farko. Ita ma Brave tana da nata tarihin: a 2020 an gano tana ƙara lambar talla ta kanta idan mutum ya rubuta adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, shugabanta Brendan Eich ya nemi afuwa aka cire. Tana kuma zuwa da jakar kirifto da tsarin lada waɗanda ba su da amfani a shago irin naka, sai ka bi ka kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Gangare:

Da izinin manya. Ni dai a waya Opera Mini nake amfani da ita shekara da shekaru, kuma ban ga wadda ta kai ta rage cin data ba, musamman idan sabis ya yi rauni. Opera ta kwamfuta kuma tana da VPN kyauta a cikinta. Shin wannan bai isa ya ba ta fifiko a tsaro ba, tun da VPN ɓoye mutum yake yi?

Injiniyan Bukuru:

Ƙanena, abubuwa biyu ka haɗa. Opera Mini tana rage data ne saboda, a saitinta na matsewa mafi tsanani, ba wayarka ce ke zuwa shafin kai tsaye ba. Babbar kwamfutar kamfanin ce ke ɗauko shafin, ta matse shi, sannan ta turo maka. Wannan ya yi wa mai karanta labarai ko sakamakon ƙwallo daidai, amma yana nufin akwai na uku a tsakaninka da shafin, kuma shafuka masu fom da maɓallai da yawa sukan ƙi aiki yadda ya kamata. Ba na ba kowa shawarar ya shiga banki a wannan saitin. VPN ɗin da ke cikin Opera ta kwamfuta kuwa, abin da ya bi ta cikin burauzar kawai yake rufewa, kuma aikinsa ɓoye adireshinka ga shafin da ka ziyarta da ɓoye inda ka shiga ga mai ba ka intanet. Ba ya hana shafin bogi karɓar kalmar sirrinka idan kai ka rubuta masa da hannunka, ba ya kuma hana wanda ya zauna bayanka ganin imel ɗin da ka bari a buɗe. Wasu shafukan biyan kuɗi ma sukan ƙi ka idan suka ga kamar daga Turai ka shigo. A shagon Malam, illarsa za ta fi amfaninsa.

Malama ta yi gaskiya a kan Windows 7. Inda nake da ja shi ne barin Firefox ita kaɗai. Masu gina shafukan makarantu da na hukumomi da yawa a Chrome kaɗai suke gwada aikinsu, don haka wani lokaci maɓallin buga rasit ko wurin ɗora hoton fasfo yakan yi gardama a wata burauzar. Dole ka ajiye guda ɗaya mai tushen Chromium a gefe saboda irin wannan ranar. A fannin toshe raunin da masu kutse ke amfani da shi kuma, Chrome da Edge suna saurin tura gyara, duk da cewa sun fi tattara bayanan mai amfani. Tsaro daga ɓarawo daban, sirri daga kamfanin talla daban.

Mai Shagon Titin Bauchi:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Na fahimci cewa zan fara da SSD da kuma cire na'urorin nan biyu daga intanet. Abin da ya rage mini shi ne mutane da yawa da ke amfani da kwamfuta ɗaya. Yaron shagona yakan ce wa kowa ya buɗe tagar sirri, wato Incognito. Shin wannan ya wadatar?

Malama daga Naraguta:

Ya taimaka, Malam, amma da sharaɗi. Tagar sirri tana goge tarihin shafuka da kukis ne kawai idan an rufe ta gaba ɗaya, ɗalibi kuwa yakan karɓi takardarsa ya tashi ya bar ta a buɗe. Ba ta goge fayilolin da aka sauke ba, kuma a shago irin naka nan ne haɗarin yake, domin jakar da fayilolin da aka sauke ke taruwa, wato Downloads, takan cika da takardun shaidar NIN da rasit da hotunan fasfo na mutanen da ba su san juna ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su, don haka ka sa yaron ya riƙa share wannan wuri kowace yamma kafin a rufe.

Maimakon dogaro da tunawar kowane mai zuwa, ka gyara saitin sau ɗaya. A Firefox akwai zaɓin da ke hana ta riƙe tarihi kwata-kwata, wanda ke sa kowane buɗewa ya zama kamar tagar sirri. A Chrome da Edge akwai tsarin baƙo, wanda ke share tarihi da kukis idan an fita. A dukkansu ka kashe tayin ajiye kalmar sirri da na cike fom da kansa, kada kuma ka shiga asusunka na Google a burauzar da abokan ciniki ke amfani da ita, domin duk abin da ka ajiye a wayarka zai iya bayyana a nan. Ka buɗe wa abokan ciniki asusun Windows na gama-gari wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja, kalmar sirrin babban asusun kuma ta tsaya a wurinka. Kada ka bari a liƙa wa burauza ƙarin manhajojin da ba ka sani ba, musamman masu alƙawarin sauke bidiyo ko VPN kyauta, tun da da yawansu suna neman izinin karanta duk abin da ke kan kowane shafi.

Na san masu shaguna sukan kashe sabuntawa don tattalin data. Chrome da Firefox duka suna fitar da sabon zubi akai-akai, ban da gyaran gaggawa da ke zuwa a tsakani, kuma gyaran ba ya fara aiki sai an rufe burauzar an sake buɗe ta. Ka ware safiyar Litinin kafin mutane su fara zuwa, ka shiga sashen bayanin burauza a kowace kwamfuta, ka tabbatar ta sauke sabon zubi ta kuma sake tashi.