Fom ɗin "me ya sa" sau biyar: kullum a kan ma'aikaci nake ƙarewa, ina kuskuren yake?

Sabon_Sufabaiza:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu aiki a masana'anta ko waɗanda suka taɓa yi, shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da aka ɗora ni a kan layin liƙe leda, injin nan mai ƙarafa biyu masu zafi da ke matse bakin leda bayan an zuba kaya. Matsalar ita ce ledoji na yoyo, sai a yi kwana uku huɗu lafiya lau, rana ɗaya kawai sai a dawo mana da kwalaye daga sito an buɗe an tarar baki bai kama ba.

Manaja ya ba ni wani fom mai layi biyar, ya ce in dinga tambayar "me ya sa" har sau biyar zan kai ga tushen matsalar. Ga yadda na cika. Me ya sa leda ta yi yoyo? Baki bai liƙe ba. Me ya sa? Zafi bai isa ba. Me ya sa? Mai kula da injin bai duba ba. Me ya sa bai duba ba? Sakaci. Na biyar na rasa abin rubutawa sai na sa rashin horo. Aka ba yaron takardar gargaɗi aka sake masa horo, ko sati biyu ba a yi ba abin ya dawo, wannan karon kuma a hannun wani ne da ya shekara shida a kan injin, mutumin da kowa ya san bai wasa da aiki. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don da hannuna na rubuta abin da ya ja wa yaron nan takarda. Shin hanyar ce ba ta aiki ko ni ne ban iya ba?

Tsohon_Makanike:

Wa alaikumus salam ƙanena. Hanyar na aiki, amma a tambaya ta uku ka sauka daga kan hanya. Ka ce zafi bai isa ba, to tambayar da ke biye ita ce me ya hana zafin isa, kai kuma sai ka bar injin ka koma kan mutum. Ai ko yaron ya duba ko bai duba ba, zafin nan dai bai isa ba, dubawarsa ba ita ke ɗumama ƙarfe ba.

Tsarin nan na "me ya sa" sau biyar daga kamfanin Toyota na Japan ya fito, ana danganta shi da Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motocin, amma Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin, shi ne ya sa ya shahara, kuma a littafinsa na 1978 ya kawo misalin da har yau shi ake koyarwa. Inji ya tsaya. Me ya sa? Nauyi ya yi masa yawa fiyus ya ƙone. Me ya sa nauyi ya yi yawa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turowa yadda ya kamata. Me ya sa? Shaf ɗin famfon, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, ya cinye yana girgiza. Me ya sa ya cinye? Babu rariyar tace mai, ɓurɓushin ƙarfe na shiga ciki. Ka duba da kyau, a amsoshin nan biyar babu sunan kowa. Da a ta farko aka tsaya sai a canza fiyus a tafi, bayan 'yan watanni a sake dawowa gidan jiya.

Ni ma na taɓa shan irin wannan a wani wuri da na yi aiki. Akwai wata motar lantarki ta inji mai juya fanka da bel, boris ɗinta na gaba mutuwa yake yi kusan duk wata biyu, mu canza, ya mutu, mu canza, har aka fara cewa mai sayo kaya ne yake kawo jabu. Ranar da na zauna na sa hannu a kan bel ɗin sai na ji shi kamar tsirkiyar baka, an ɗaure shi fiye da ƙima, shi ke jan shaf gefe ɗaya yana cin boris. Na tambayi masu aikin dare wa ke ɗaure shi haka, suka ce su ne, don in ba su ɗaure ba kuka yake yana zamewa. To me ya sa yake zamewa? Na cire shi na haska tocila a ramin fulin, wato wilin da bel ke zagayawa a kansa, sai ga ƙasan ramin yana ƙyalli kamar madubi, alamar fulin ya cinye bel ɗin ya nutse har ƙasa, alhali a gefe da gefe ya kamata ya kama. Kuma a takardar duba inji da muke bi duk wata babu layin fuli kwata-kwata, bel kawai aka rubuta da giris. Yaran nan da ke ɗaure bel ƙoƙari suke kar aiki ya tsaya, da na rubuta "sakaci" da na zalunce su.

Maman_Inganci:

Baba Makanike ya faɗi babban abin. Ni ɓangaren duba ingancin kaya nake, bari in ƙara maka abin da nake ganin ya fi cutar da fom ɗin nan: a ofis ake cika shi. Ina tambayarka tsakani da Allah, da ka rubuta "zafi bai isa ba" ka auna ne ko ka zata? Don kowace amsa sai an tabbatar da ita da ido ko da awo kafin a wuce ta gaba, in ta biyu zato ce to duk abin da ka ɗora a kanta zato ne. Su Toyota suna da kalmarsu, genchi genbutsu, wato ka je wurin da kanka ka ga abin da idonka.

Ka yi min wannan. Kar ka bari a zubar da ledojin da suka yi yoyo, ka tara kamar hamsin ka shimfiɗa su a tebur duk fuska ɗaya, ka duba a ina bakin yake buɗewa, dama ne, hagu ne, tsakiya ne, ko ko'ina. Ka duba lokacin da aka buga a jikinsu. Leda ba ta ƙarya, ita ce shaidarka ta farko tun kafin ka tambayi kowa.

Sannan in ka gama cika fom ka karanta shi daga ƙasa zuwa sama da "saboda haka". Gwada da naka: ba a horar da shi ba, saboda haka ya yi sakaci, saboda haka bai duba ba, saboda haka zafi bai isa ba. Ka ji inda ta karye ko? Ta ƙarshen ba ta haɗu ba sam.

Batun tambayar ma'aikata kuma, kar ka yi ta a mitin gaban manaja. Mutumin da ya ga an ba abokinsa takarda ba zai gaya maka gaskiya ba, kare kansa zai yi kuma ba laifinsa ba ne. Ka tsaya kusa da shi a bakin inji, ka ce nuna min yadda kake yi in abin ya fara. Ko da ma a ce da gaske kuskuren mutum ne, ba nan ake tsayawa ba, sai a tambaya me ya sa aikin ya ba da ƙofar yin kuskuren. Shigeo Shingo, wani injiniya ɗan Japan, ya yi aiki sosai a kan wannan, abin da suke kira poka-yoke, a tsara abu yadda ba zai shiga a juye ba ko inji ya ƙi tashi in wani abu bai daidaita ba.

Injiniya_Shiru:

Ni dai ina da ɗan ja da yadda ake ɗaukar hanyar nan kamar ita ce maganin komai. Lamba biyar ɗin ba dole ba ce, wata matsalar a uku ta ƙare wata sai bakwai, fom mai layi biyar shi ke sa mutum ya ƙirƙiro amsa don ya cike gurbi kamar yadda ya faru da kai. Kuma layi ɗaya take bi, ka ba mutum biyu matsala ɗaya kowa zai fito da tushensa daban gwargwadon abin da ya sani, abin da ba ka sani ba kuwa ko sau ashirin ka tambayi kanka ba zai fito ba.

Liƙin leda abu uku ne ke haɗuwa, zafi da matsi da tsawon lokacin da ƙarafan suka riƙe ta. Kai zafi kawai ka kama. In an ƙara gudun inji lokaci ya ragu, in iskar da ke matse ƙarafan ta yi ƙasa matsi ya ragu, in kayan da ake zubawa yana taɓa bakin leda ko zafi ya kai ina ba zai kama ba, ga kuma ita ledar kanta in an canza nadi mai kauri daban. Shi ya sa na fi son a fara da zanen ƙashin kifi na Kaoru Ishikawa, masanin ingancin kaya ɗan Japan, zanen da ya yaɗu tun shekarun 1960, a jera duk abin da ake zargi ta ɓangaren inji, kayan aiki, hanyar aiki, awo, mutane da yanayin wurin, a kawar da waɗanda shaida ta wanke, wanda ya rage shi za a bi da "me ya sa". Kuma tambaya biyu gare ka ba ɗaya ba: me ya sa ya faru, da me ya sa bai bayyana ba sai da kaya suka kai sito.

Maman_Inganci:

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce Injiniya, kuma ɓangarenmu ta shafa. In ana ɗaukar leda a matsa ta da hannu ko a nutsa ta a ruwa duk rabin awa, kwali ɗaya za a yi asara ba lodi guda ba.

Sabon_Sufabaiza:

Na dawo, Allah ya saka muku da alheri. Na yi abin da Hajiya ta ce, na jera ledoji 46 a tebur, 43 a gefen hagu suka buɗe, kusan wuri ɗaya. Na aro ma'aunin zafi mai taɓa ƙarfe na auna dama da hagu, da safe duk daidai, na yi ta komawa, wajen la'asar sai ga hagu ya sauka sosai amma allon inji na nuna lambarsa yadda aka saita ko gezau. Mai gyara ya buɗe, ashe hita biyu ce a cikin ƙarfen, na'urar jin zafin kuma ɗaya ce tak tana kusa da ta dama. Wayar hitar hagu ta karye a cikin rigarta, in ƙarfe na buɗewa da rufewa wani lokaci ta haɗu wani lokaci ta rabu. Ke nan ko da yaron ya zuba wa allo ido yini guda ba abin da zai gani.

Me ya karya wayar? Akwai ɗan maƙalin da ke riƙe ta don kar ta dinga lanƙwasa a wuri ɗaya, babu shi, ramin kusoshinsa kawai muka gani. Da na tsaya da mai shekara shidan nan a bakin inji kamar yadda aka ce, sai ya ce min ai ya daɗe da lura hagu na ba da matsala, yana ƙara zafi kaɗan in ya gani sai kuma dama ta fara ƙonewa ya mayar, kuma ya taɓa faɗa sau ɗaya ba a yi komai ba sai ya yi shiru. An canza waya an sa maƙali. Na je wurin manaja da ledojin da guntun wayar a hannuna na roƙi a janye takardar yaron, ya ce zai duba, gobe ma zan koma.

Tsohon_Makanike:

Madalla ƙanena, ka yi aiki. Amma kar ka rufe fom tukuna, maƙalin nan ba da kansa ya fita ba. Ina zargin sai an cire shi ake iya canza tef ɗin Teflon na jikin ƙarfen, wanda ke hana leda mannewa a ƙarfe mai zafi, in haka ne kuwa wanda kuka sa yau ma wata rana za a cire a manta. Yaushe za ku canza tef na gaba?

Sabon_Sufabaiza:

Ranar Litinin ne Baba, a aikin dare. Na riga na gaya musu zan kwana a wurin in ga yadda suke cirewa da mayarwa.